Wai haya za ta iya biyan bashin gida da kanta? Ku ba ni shawara kafin in sa hannu

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa komai ba, yau dai ta kama ni. Shekara shida ke nan ina tara kuɗi daga albashina, burina in mallaki gidan da zan zuba 'yan haya. Yanzu wani dillali ya kai ni wani gida mai sassa huɗu, ya ce duka da mutane a ciki. Tunda ba ƙasa ɗaya muke ba, kuma kowa da irin kuɗinsa, bari in ɗauki kuɗin gidan a matsayin 100. Abin da ke hannuna 30 ne. Hayar sassan huɗu gaba ɗaya 8 ce a shekara. Banki sun ce za su ba ni ragowar 70 da ruwa kashi 12 cikin 100, in biya cikin shekara 15, gidan ne jingina.

Dillalin ya ce kada in sa damuwa a raina, 'yan haya ne za su biya bashin, ni nawa jira ne kawai. Maganar ta yi wa kunnena daɗi amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ya kuma ce akwai wani mai so, in ban ba da kafin alƙalami cikin mako biyu ba gidan zai wuce ni. Don Allah ta yaya ake gane cewa gida ya cancanci kuɗinsa? Kuma cin bashi don sayen gidan haya dabara ce ko ganganci?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ka kyauta wa kanka da ka tambaya tukuna. Ɗauko takarda da biro mu yi tare.

Bashin 70 da ruwa kashi 12 na shekara 15, kowane wata za ka riƙa biyan kusan 0.84, wato 10 da 'yar ɗoriya a shekara. Haya kuma 8. Tun ba a je ko'ina ba ga giɓin 2. To kuma 8 ɗin nan ba ita za ta shiga aljihunka ba. A ce kowane sashe ya zauna wata ɗaya babu kowa tsakanin fitar wannan da shigar wancan, ka rasa kusan 0.7. Gyara fa? Masu harkar da yawa suna ware kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara saboda rufi, famfo, fenti da wayar wuta, tsohon gida ma ya fi haka ci. Ga 1 ta tafi. Haraji da inshora mu ce 0.5. In ka sa wanda zai riƙa karɓar maka haya yana cire kashi 10, ga wani 0.7. Ka haɗa, kusan 3 ta fita. Abin da ya rage maka 5 ne, banki kuma na jiran 10.

Ma'ana duk shekara za ka ciro 5 daga albashinka ka cika. Kuma kada ka manta 30 ɗinka ba duka za ta tafi ga mai gida ba, akwai la'ada, lauya, kuɗin sauya suna a takardu da na mai kimanta gida. In suka ci 5, gidan ya koma 105, wa zai ba ka cikon?

A taƙaice za ka aro kuɗi a kan 12 ka zuba a abin da ke kawo maka 5.

Ummi_K:
Innalillahi. Ni ma da haka nake lissafi, in raba haya da kuɗin gida shi ke nan. Na gode Malam.

AbuZainab:
Malam, da girmamawa, lissafinka ya tsaya cak a shekarar farko. Haya tana tashi, kuɗin gida yana tashi, shi kuwa bashi yana nan yadda aka ci shi. Inda hauhawar farashi ke da ƙarfi, wanda ya ci bashi ya sayi kadara shi ke da nasara, domin kuɗin da zai mayar bayan shekara goma ba su da ƙarfin waɗanda ya karɓa. Ni na sayi nawa da bashi, shekaru uku na farko na sha wuya ba ƙarya, amma yau hayar ta zarce abin da nake biya. Da na tsaya jiran sai na tara 100 cif, da har yau ina jira, don ina tarawa gidan yana gudu. Ƙasa ba ta faɗuwa ɗan'uwa, ba a ƙera sabuwa.

Tsohon_Banki:
AbuZainab ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa, amma akwai sharaɗi babba da bai ambata ba. Sabon_Hannu, koma ka duba takardar da banki suka ba ka. Ruwan nan na kashi 12 tsayayye ne har ƙarshen shekara 15, ko kuwa mai sauyawa ne duk lokacin da babban banki ya motsa nasa? In tsayayye ne, hauhawar farashi na iya zama abokinka. In mai sauyawa ne, to ranar da farashin kaya ya haukace ranar ruwanka zai tashi, kuma haya ba ta tashi da wannan saurin, don ɗan haya daga albashinsa yake biya. A kan 70 ɗin nan, in ruwa ya koma 16, biyanka na shekara ya haura 12.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Ingila ruwan babban bankinsu yana kashi 0.1 har zuwa Disamban 2021, a Agustan 2023 ya kai 5.25. Yawancin masu bashin gida a can ana tsayar musu da ruwa na shekara biyu ko biyar ne kawai, don haka da wa'adin ya cika suka wayi gari da sabon lissafi. A Amurka matsakaicin ruwan bashin gida na shekara 30 ya tashi daga 2.65 a Janairun 2021 zuwa 7.79 a Oktoban 2023, sai dai su wanda ya riga ya kulle nasa abin bai taɓa shi ba. Ka ga bambancin yana cikin layi ɗaya na takarda.

Abu na biyu da mutane ba sa lura da shi: a shekarar farko, cikin 10 ɗin da za ka biya, kusan 8.3 ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗi bai kai 2 ba. Bayan shekara biyar ka biya sama da 50, amma ana binka kusan 58 da rabi. Na sha ganin mutum ya zo zai sayar a shekara ta huɗu yana zaton ya ci rabin bashi, a nuna masa takarda ya riƙe baki.

Lokacin da nake aiki, in za mu ba da bashi a kan gidan haya, muna so abin da gidan ke kawowa bayan an cire kashe-kashe ya fi biyan bashin da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Naka 5 ne a kan 10, rabi ke nan. In banki sun yarda su ba ka, albashinka suka kalla ba gidan ba.

Sabon_Hannu:
Na duba yanzu ranka ya daɗe. An rubuta cewa bankin na da ikon sake duba ruwan lokaci zuwa lokaci. Wallahi ban kula da wurin ba sai da ka faɗa.

Malam_Lissafi:
AbuZainab, ban ce haya ba ta tashi ba. Amma mu auna. Kafin 5 ta kamo 10 sai ta ninka. Akwai wata 'yar dabara, ka raba 72 da yawan ƙarin da ake samu a shekara, za ta ba ka shekarun da abu zai ninka. In haya na ƙaruwa da kashi 7 duk shekara, shekara goma ke nan yana cika giɓi daga aljihunsa. Kuma kuɗin siminti da na mai gyaran famfo su ma ba a zaune suke ba.

Batun ƙasa ba ta faɗuwa kuwa, Japanawa ma haka suka yi imani har 1991, daga nan farashin filaye ya yi ta sauka sama da shekara goma a jere. A Amurka daga 2006 zuwa 2012 gidaje sun zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a birane irin Las Vegas da Phoenix fiye da rabi. A ƙasar Ayalan (Ireland) ma gidaje kusan rabin darajarsu suka rasa bayan 2007. Abin da ya sa bashi ke da haɗari a nan shi ne, in ka zuba 30 ka aro 70, gida ya tashi da 10, ka ci kashi 33 a kan kuɗinka. In ya sauka da 10 ka rasa kashi 33. In ya sauka da 30, duk tarin shekara shidanka ya tafi, bashin kuma yana nan daram. Miliyoyin mutane a Amurka haka suka tsinci kansu, bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan, har abin ya kai ga durƙushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumban 2008.

AbuZainab:
Waɗannan ƙasashe ne da aka riƙa ba kowa bashi ido rufe. Inda mutane ke ƙaruwa kuma gidaje ba su isa ba, labarin daban ne. Amma na yarda da maganar ruwa mai sauyawa, nawa tsayayye ne, shi ya cece ni.

Tsohon_Banki:
Ko inda lambar farashi ba ta sauka, a duba ƙarfin kuɗin. Gida ya tashi da kashi 10 a shekarar da kaya suka tashi da 20, mai shi yana murna alhali baya ya ci.

Malama_Safiyya:
Ku yi haƙuri in katse ku. An yi ta lissafin ruwa kamar ba komai ba, ba wanda ya ce uffan a kan halaccinsa. Ɗan'uwa Sabon_Hannu, in kai Musulmi ne ka fara da wannan. Aya ta 275 a Suratul Baƙara a fili take, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba. Ko da lissafin ya fita tas, ni ba zan ba ka shawarar shiga ba.

Tsohon_Banki:
Gaskiyarki Malama, kuma akwai hanyoyi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna da tsari uku da aka fi sani. Murabaha: banki ya sayi gidan ya sayar maka da ƙarin da kuka yi yarjejeniya tun farko, ka riƙa biya kashi-kashi, kuɗin ba ya sauyawa. Ijara: banki ya mallaki gidan ya ba ka haya, a ƙarshe ya koma naka. Sai musharaka mai raguwa: ku haɗa kuɗi, kai 30 su 70, kana sayen kasonsu a hankali kana kuma biyan hayar abin da ya rage nasu. Akwai hukumar AAOIFI da ke Bahrain, ita ke fitar da ƙa'idojin da bankuna da yawa ke bi a wannan fanni.

Sai dai a sani, halacci daban, cancantar ciniki daban. In abin da za ka biya duk shekara a murabaha 10 ne, gidan kuma 5 yake kawowa, giɓin nan bai je ko'ina ba. A ijara da musharaka ma ana iya sake duba hayar kason banki, don haka tambayar ɗazu tana nan: me zai iya sauyawa, yaushe, kuma wa ke da ikon sauya shi? Ka kuma tambayi wa ke ɗaukar nauyin babban gyara muddin suna da kaso a gidan.

Malama_Safiyya:
Na gamsu. Abin da nake so a gane dai kada a ce babu mafita sai ruwa.

Hajiya_Kadara:
Ɗana, bari in ba ka nawa, ni ba ta takarda na koya ba. Gidana na farko na saye shi ne saboda fenti. Na shiga na ga ko'ina fes, ƙamshin sabon fenti har waje. Ruwan sama na farko da aka yi, ɗan hayan da ke sashen baya ya kira ni da dare. Na je na tarar ya jera bokitai uku a tsakar ɗaki, silin ya kumbura ya yi ciki, bangon gabas kuwa in ka sa hannu fentin ɓarewa yake kamar ɓawo, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin da danshi. Ashe fentin rufa-rufa ne. Hayar shekara biyu cur ta tafi a rufi da magudanar ruwa. Tun daga ranar ba na sayen gida sai na je shi sau uku: da rana, da dare, da kuma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

Sannan wannan 8 ɗin, wa ya faɗa maka? Dillali? Bakinsa kawai? Ka ce a kawo maka rasiɗan haya na shekara biyu da yarjejeniyar kowane ɗan haya. Ka koma kai kaɗai ka ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ka gaisa da mutanen, ka tambaye su nawa suke biya, yaushe hayarsu za ta ƙare, me ke damunsu a gidan. Ɗan haya ya fi mai gida sanin gida. Akwai kuma wanda ya karɓi hayar shekara biyu gaba kafin ya sa gida a kasuwa, kai ka saya ka zauna kana kallon mutane a gidanka ba ko sisi.

Maganar wai akwai wani mai so cikin mako biyu, tun ina yarinya nake jin ta.

Dillali_Nagari:
Hajiya, a yi mana adalci. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shekarata 18 a wannan sana'a, kuma wallahi akan yi gida mai kyau ya tafi cikin kwana uku mai jinkiri ya dawo yana cizon yatsa. Amma zan faɗi abin da ya kamata kowane mai saye ya sani: dillali la'adarsa sai an yi ciniki take fitowa, kuma gwargwadon kuɗin gidan. Don haka ka saurare mu a kan inda kaya yake, amma kada mu zama mu ne masu yi maka lissafi.

Ga yadda nake kimanta gida in na ɗan'uwana ne. In nemo uku ko huɗu makamantansa a unguwar da aka SAYAR cikin 'yan watannin nan, ba waɗanda aka sa wa kuɗi suna jira ba, don kuɗin da mai gida ya yanka buri ne, wanda aka biya shi ne farashi. Sannan in lissafa kuɗin filin shi kaɗai da abin da ginin zai ci in yau za a yi shi, in rage tsufa. Na uku shi ne na Malam_Lissafi, abin da haya ke bari. In ukun nan suka yi kusa da juna, ciniki ne. In suka yi hannun riga, akwai abin da ba a faɗa maka ba.

Injiniya_SB:
Ƙari kan maganar Hajiya. Ka biya injiniya na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Abin da nake fara dubawa: tsagewar bango. Siririya kamar gashi a filasta ba ta da damuwa sosai, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a gefe ɗaya, wannan harsashi ne ke zama. Ƙofar da ba ta rufuwa daidai ma alama ce. A hau sama a leƙa katakon rufi ko gara ta ci. A buɗe akwatin wuta a ga kaurin wayoyi da ko akwai alamar ƙonewa. A buɗe duk famfunan lokaci ɗaya. A duba ko daɓen gidan ya fi titi tudu, in titi ya fi shi, duk ruwan layin baƙonka ne. Kuɗin wannan dubawa bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da gyaran harsashi.

Ummi_K:
To mu da ko 30 ɗin ba mu da ita fa? Wani kamfani yana tallar gidajen da bai gina ba tukuna, a riƙa biya kaɗan-kaɗan, sun ce ya fi araha da kashi 20. Ya kuka gani?

Baban_Iman:
'Yar'uwa, cinikin biri a sama ke nan, ni ya ci ni. Na biya kashi 60 na wani sashe da aka ce za a miƙa cikin wata 18. Yau shekara biyar, in na je wurin ginin yana nan iya linta, rodi a tsaye sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a inda aka nuna min a zane cewa falo ne. Kamfanin kuɗinmu suka kwashe suka sayi wani filin suka sake tallatawa. Ban ce duka haka suke ba, amma in za ki shiga, ki je ki ga ayyukan da suka gama da idonki, ki yi magana da waɗanda ke zaune a ciki, kuma biya ya zama mataki-mataki, an zuba harsashi ki biya, an kai rufi ki biya.

Malam_Lissafi:
Allah ya mayar maka da alheri Baban_Iman. Girman kamfani ma ba kariya ba ne. Kamfanin Evergrande a da yana cikin manyan masu gina gidaje a China, bashin da ke kansa ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024. A 2022 masu sayen gidaje da dama a China sun daina biyan bashin banki saboda suna biya a kan gidajen da ba a kammala ba.

Ummi, akwai wata hanya ga mai ƙaramin jari, asusun haɗakar kadarori da ake kira REIT. Kamfani ne da ke mallakar gidaje, shaguna ko rumbunan ajiya, ki sayi hannun jarinsa a kasuwa, a riƙa raba muku haya. A Amurka aka fara shi a 1960, kuma dokarsu ta wajabta raba aƙalla kashi 90 na kuɗin shigar da ake biya wa haraji ga masu hannun jari. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Ba ruwanki da ɗan haya ko yoyon rufi, amma farashinsa na hawa da sauka, kuma a wasu kasuwannin ba a cika cinikinsa ba, sai ki so sayarwa ki rasa mai saye. Malama_Safiyya za ta ce a duba ko asusun na cin bashi da ruwa da kuma irin waɗanda yake ba haya, kuma gaskiyarta ne.

Lauya_M:
Duk kun yi maganar kuɗi da gini, bari in kawo wadda ta fi kai mutane kotu. Gidan da ya fi kowane kawo haya ba shi da amfani in wanda ya sayar maka ba shi ne mai shi ba. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, lauyanka ya je ofishin rajistar filaye ya bincika: sunan wa ke kan takarda, an jinginar da gidan a wani wuri, akwai shari'a a kansa, an gina shi da izini, hukuma na da niyyar fitar da hanya ta wurin? In gidan gado ne, duk magada su sa hannu ko a ga takardar da ta ba mai sayarwar iko. Na riƙe shari'ar da mutum ya saya a hannun babban wa, bayan shekara uku ƙanwarsu da ke aure a wata ƙasa ta dawo ta ce ba da saninta ba. Shekara shida ana abu ɗaya, kotu ta hana shi ko taɓa hayar.

Safiyo kuma ya auna ya tabbatar iyakar da ke takarda ita ce a ƙasa. Kafin alƙalami in ya zama dole, a rubuta cewa za a dawo maka da shi in bincike ya nuna matsala. Ka kuma karanta dokar haya ta inda kake, domin a wurare da yawa fitar da wanda ya ƙi biya na ɗaukar watanni, banki kuma ba ya ɗaga ƙafa saboda kana kotu.

ƊanHaya_01:
Ni ɗan haya ne, ina karanta ku. Abin da nake roƙo, in kun ci bashi mai nauyi kada ku huce a kanmu. Mai gidanmu na baya ya ƙara mana kashi 40 rana ɗaya saboda banki sun matsa masa, mu uku muka tashi, sassan suka yi wata biyar a rufe. Wanda ke biya kan lokaci yana kula da gida, riƙe shi ya fi ƙarin da za ka yi masa.

Hajiya_Kadara:
Wannan yaro ya faɗi gaskiya. Ina da wadda ta shekara tara a gidana, hayarta ta ɗan gaza ta kasuwa, amma ban taɓa bin ta ba, kuma ban yi fentin sashen ba sai sau ɗaya.

Sabon_Hannu, tambaya: kai yanzu haya kake biya? In eh, me zai hana ka shiga sashe ɗaya ka sa uku haya? Abin da kake ba wani ya dawo cikin lissafinka, ba ka buƙatar mai karɓar haya, kuma idonka na kan gidan. Ko ka nemi ƙarami mai sassa biyu wanda 30 ɗinka za ta ci rabinsa ko fiye. Kuma ko me za ka yi, kada ka zuba kuɗinka kaf. Ka bar abin da zai riƙe ka wata shida in haya ta tsaya ko aiki ya samu tangarɗa, don gida ba a sayar da shi rana ɗaya, mai gaggawar sayarwa kuwa shi ake yi wa tayin wulaƙanci.

AbuZainab:
Ko ya nemi abokin haɗin gwiwa. Mutum biyu kowa da 30, saura 40, nauyin ya ragu sosai.

Lauya_M:
In za a yi haka a rubuta komai, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kason kowa, wa ke karɓar haya, wa ke yanke shawarar gyara, in ɗaya yana son fita yaya za a kimanta kasonsa, in ɗaya ya rasu fa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Sabon_Hannu:
Na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma na koma gidan ni kaɗai kamar yadda Hajiya ta ce. Sashe na huɗu akwai labule a taga amma ƙofar da kwaɗo, ƙura ta rufe dokin ƙofar. Matar da ke kusa ta ce wata bakwai ke nan ba kowa, wanda ya fita ruwa ne ya kore shi, in an yi ruwan sama bayan gidan cika yake. Sauran ukun kuma abin da suka ce suna biya, in na haɗa da na huɗun a kan farashi ɗaya, 7 ne ba 8 ba. Na nemi rasiɗai, dillalin ya ce mai gidan ya yi tafiya.

Ban ba da kafin alƙalami ba. Eh Hajiya, haya nake biya, kuma shawarar shiga sashe ɗaya ta zauna min. Na kuma nemi ganin wani banki mara ruwa ranar Litinin in ji tsarin musharakarsu. Tambayata yanzu Malam_Lissafi, in har zan taya gidan nan, nawa ya kamata in taya?

Malam_Lissafi:
Juya lissafin ta baya. Haya 7, cire 3, saura 4. Ka yanke wa kanka kashi nawa kake so kuɗinka su kawo a shekara, ka raba 4 da shi. In kashi 6 ya ishe ka, gidan bai wuce 67 ba. In 8 kake so, 50. Daga nan ka cire abin da injiniya ya ce gyaran magudanar zai ci.

Dillali_Nagari:
Malam, ba mai gidan da ya yanka 100 zai saurari 67, sai dai in wuta ce ta kama shi. Kuma in unguwar mai tasowa ce, filin kaɗai na iya kai 60, hayar ba ita ce duka labarin ba. Sabon_Hannu, ka binciko nawa aka sayar da fili na ƙarshe a layin, kuma me ake ginawa a kewaye, ka kawo mana.

AbuZainab:
Abin da nake faɗa tun farko ke nan, a duba inda unguwar ta dosa.

Injiniya_SB:
Kafin nan dai a fara sanin me ke cika bayan gidan. In kwata ce ta toshe, aikin kwana biyu ne. In kuwa gidan a kwari yake, ko a 50 ban ba ka shawara ba. Ka ɗauko hoton bangon baya daga ƙasa zuwa kamar tsawon gwiwa, da na titin in an yi ruwa, ka turo mu gani.